Sawun Ƙafar Hagu

Gent, Talata 14 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya Marijke,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, tarin ya sauka? Ina rubuto miki daga ɗakina, littafina na gabana, na kasa buɗe shi.

Kin san bayan na gama makarantar zane na yi watanni ina zama a makarantar bale, rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, ina zana littafin labarina. Al'adarsu ce kowace yarinya tana da wurinta a jikin sandar da suke dafawa. Wurin bakin taga kuwa ba mai tsayawa, wai na wata ɗaliba ce da ta rasu tuntuni. Kullum da safe sai a tarar da sawu a wurin, cikin garin ƙaron da suke takawa don kada su zame. Wata ƴar tsokana, Fien, ta ce mini, "Mai zane, matsa, kin taka wa fatalwa ƙafa!"

Kin san halina, ba na zana abin da ban auna ba. Na durƙusa na kwafi sawun daidai, na sa shi a littafin: na dama cikakke, na hagu yana ja.

Littafin na fita, kowa ya gane. Mutum ɗaya ce ke jan ƙafar hagu a makarantar: Madam Odile, tsohuwar da ke kaɗa musu fiyano. Ashe ƴar rawa ce kafin gwiwarta ta lalace, kuma takan zo da sassafe ta gwada ita kaɗai. Yara suka fara kwaikwayon tafiyarta. Ta ajiye aiki.

Na je gidanta ba da haƙuri. Ta zuba mini shayi, ta ce, "Ƴata, zanenki ya yi kyau. Bakin tagar nan da sassafe kaɗai ne ba a kallona, shi ke nan." Ta ƙi komawa. Yaya, da na daidaita ƙafar nan da har yanzu tana kan kujerarta.

Jiya Fien ta kira ni, ba ta dariya: an sake tarar da sawu a bakin tagar. Na je na auna da kaina.

Abin da ban sani ba:

Ko Madam za ta yafe mini.

Ko ta mayar da makullinta na makarantar. Ofis sun ce ta mayar.

Da kuma mai sawun jiya, don ƙafafun biyu lafiya suke, kuma ƙanana ne.

Ki gaida Mama.

Ƙanwarki,
Liesbet