Kwamfutar Baba ce kaɗai ta tsira

Baba,

Na fita da wuri, ban so in tashe ka ba. Haƙuri zan ba ka.

Ka tuna ranar da na kashe fayawol, wato mai tsaron cikin kwamfuta, a tawa da ta Yaya, na zo kan taka? Na ce rautar falo, na'urar da ke raba mana waifai, ta ishe mu, ita ke tare komai daga waje. Ka riƙe hannuna, ka ce shekara talatin kana gadi ba ka taɓa ganin an cire ƙofar ɗaki don akwai get ba. Har dariya na yi maka.

To, jiya da Kawu ya zo, da hannuna na sa masa lambar waifai. Ashe laftof ɗinsa cike take da bairos. Bairos ɗin ya shiga tawa, ya shiga ta Yaya. Taka sau biyu na duba ta. Ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe masa ba.

Kada kowa ya kunna namu kafin in dawo. Taka kuwa kada ka bar kowa ya taɓa ta, musamman ni.

Ɗanka, wai mai gyaran kwamfuta