Baba Ya Cika Saba'in, Kai Kuma Kana Zancen Amurka

Birnin Kebbi,
Afrilu, 1961.

Zuwa ga ƙanena Riskuwa, a Libaful, ƙasar Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, da addu'ar Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin lafiyar jiki da kwanciyar rai. Yaya sanyi? Tarin da ka ambata ya sake ka kuwa? Mu nan sai godiya. Mun yi azumi lafiya, mun yi sallah lafiya. Zafi ya kankama, gulbi ya ja baya har yara na ratsa shi da ƙafa, albasa kuma ta yi kyau bana. 'Yar'uwarmu Aminatu ta sauka lafiya a Gulma, mace aka samu, an raɗa mata Ruƙayyatu. Inno tana nan Argungu. Na gina mata ɗaki mai rufin kwano a gidana nan Birnin Kebbi, ta leƙa, ta sa albarka, ta koma tsohon ɗakinta. Idanunta sun yi rauni ƙwarai, amma kunne kam, ko kaza ta taka kara a zaure sai ta tambayi wane ne.

Takardarka ta zo, na karanta ta har na kusa haddace ta. Ka ce tun da gidan sukari ya rage ma'aikata shekara uku da suka wuce ba ka sake samun tsayayyen aiki ba, sai tsayuwa bakin jirage da sassafe, a zaɓi wasu a bar wasu. Ka ce abokanka sun ba ka shawara ka shiga aikin jirgi, in an kai Amurka ka sulale ba takarda, ka ɗauki wani suna, don can arziki yake. Da nake karanta wa Inno, na tsallake wanga wuri. Ta ce takardar bana gajera ce. Na ce mata takarda ta yi tsada a Ingila.

Riskuwa, ka san ban wuce aji biyu a makarantar Midil ta Sakkwato ba, kuma ba na jin kunyar haka. Da jakin aro na fara sayen fata a kasuwannin ƙauye, yau motocina ke kai kaya Gusau su haɗu da jirgin ƙasa. Fatar jar akuya ita ce makarantata. In masu arzikin duniya suka yi atishawa, ni nake fara jin sanyinta kafin Turawan kanti su faɗa. Shekarar da kasuwa ta faɗi, wadda ta cinye aikinka, masu saye na Amurka ne suka fara ɗauke ƙafa, fata ta taru mini har ƙwari suka shiga. Da aka ce an farfaɗo suka komo da ƙarfi, na yi murna, na ƙara 'yan kamasho. Bara da kaka suka sake yin shiru. Masu saye na Jamus da Faransa kuwa ɗan tuntuɓe suka yi, suka miƙe, har yau ba su tsaya ba. Na Ingila suna tafe sannu sannu kamar tsoho da sanda, ba gudu, ba faɗuwa.

Ba fata kaɗai na dogara da ita ba. Ina sauraren rediyon London kullum, kuma abokina Zakka, mutumin Kagoro da ke aikin gidan waya, ana aiko masa da jaridun Turanci daga Kaduna, mukan zauna ƙofar kantina mu tattauna su. Abin da muka gane shi ne, a Amurka yanzu cikin mutum ɗari masu neman aiki kusan bakwai suna zaune, baƙaƙen fata kuma nasu ya ninka haka. A Jamus ta Yamma da ƙyar a samu ɗaya cikin ɗari, har sai da suka aika Italiya da wasu ƙasashe a kawo musu hannuwa. Ingilar da kake rainawa ba ta wuce biyu ba, sai dai rabon bai yi daidai ba: London da kudu ana neman mutane, ku na arewa bakin teku kuna tsaye. Na tambayi Zakka yadda ƙasa za ta fi kowa kuɗi amma ta fi sauran marasa aiki. Ya ce masana'antun sun tashi, amma da sababbin injuna suka tashi, aikin mutum goma ya koma na uku. Ya yi dariya ya ce ai ni ma da na sayi mota ban koma neman masu jakunan da na sallama ba. Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce.

Kai ɗan bakin gulbi ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. In ruwa ya komo ba ya cika fadama rana ɗaya. Kwari yake fara sha, sannan gefe, wani tafkin kuma da ya yanke daga gulbi sai a shekara biyu ruwa bai leƙa shi ba. Mutum na tsaye kan tudu zai ce ruwa ya zo, ƙasa ta farfaɗo, alhali kifin da ke cikin wancan tafki tuni shirwa ta gama da shi. Masu cewa Amurka ta fi kowa ruwa ba ƙarya suke ba. Tambayar ita ce a wane tafki za a jefa baƙo baƙar fata, marar takarda, mai sunan aro.

Amma ba don lissafin jarida na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Maganar sauya suna ce. Kai kana goye lokacin, ba za ka tuna ba. Shekarar da fara ta cinye gero, kuɗi kuma suka ɓace daga kasuwa har fatar sa ba ta sayen mudun shinkafa, Baba Hodi ya tafi cin rani Kumasi kamar yadda kowa ke tafiya, da niyyar komowa kafin shuka. Ya iske can ma farashin kokon da suke nomawa ya faɗi. Sai aka ce masa ramukan zinariya sun farfaɗo, ana ɗaukar mutane, ya ƙara gaba. Daga baya wani fatake mai goro ya ce ya ga mai kama da shi a wani zango, ya kira shi Hodi, mutumin ya waiwayo, amma na kusa da shi suka ce ba sunansa ke nan ba, da wani suna aka rubuta shi wurin aiki. Iyakar labarin da muka samu ke nan. Ni kaina na bi sawu sau biyu bayan na yi ƙarfi. Wa zan tambaya? Sunan da nake nema da shi ba wanda ya san shi da shi.

Shekara talatin ke nan ba mu da uba, ba mu da kabari. In na je jana'izar uban wani, nakan ji hassada, Allah ya gafarta mini, don shi ya san inda zai tsaya ya ɗaga hannu. Malamai sun ce ba a yi wa wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba addu'ar matattu, saboda haka addu'ata kullum mai baki biyu ce: in shina raye Allah ya tsare shi, in ya riga mu Allah ya ji ƙansa. Yanzu na girmi shekarun da ya tafi da su. Rannan na duba madubin mota na ga fuskarsa, sai da na sa direba ya tsaya. Inno kuwa ka san alƙali ya ce zai warware mata aure tun bayan shekara huɗu, ta ƙi. Har yau in 'yan cin rani suka fara komowa gabanin damina, sai ta sa a zaunar da ita inda za ta ji muryoyin masu wucewa. Gonar Zauro muna noma ta, amma ba ta kowa ba ce, ba a raba gadon mai rai.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kawu Malam Dikko ya kira ni bayan sallah. Ya ce a shari'a wanda ya ɓata ana jiransa har ya kai shekarun da tsararrakinsa ke ƙarewa, saba'in ke nan, sannan alƙali ya hukunta mutuwarsa. Ya ce Baba yana ɗan shekara goma sha biyu Turawa suka shiga Sakkwato, tare suka ji labarin suna kiwon awaki, don haka bana ya cika. Bayan babbar sallah za a je gaban alƙali, a yi sadaka, a raba gona. Da na kai wa Inno maganar na zaci za ta yi gardama. Sai ta ce to, ta gaji, a yi. Ta ce za ta shiga takaba yadda aka ce, tsohuwa da furfura, don mijin da ya fita da sanda da buta tana da jariri a baya. Sai ta ƙara da cewa jira ɗaya Allah ya ba ta ƙarfinsa, kuma ta kashe shi duka a kan Hodi, kada wani cikinmu ya nemi na biyu. Ban gaya mata zancen Amurka ba, Riskuwa. Ban san inda ta jiyo ƙamshinsa ba.

Ka komo gida. Kuɗin jirgi a wuyana. Na san abin da ke riƙe ka, jininmu ɗaya: kunyar sauka Argungu da akwati ɗaya bayan an daɗe ana cewa ɗan Inno na Ingila. Za a yi magana, ba shakka, a yi mako ana yi, sannan a koma zancen farashin albasa. Ba zan ruɗe ka da cewa 'yancin kai ya kawo aiki ba, nan ma yara masu takardar makaranta na yawo ofis ofis. Amma Turawan kanti suna ta naɗe kaya, ni kuma ina so in riƙa kai fatata Ikko da kaina, ina bukatar wanda ya san bakin jirgi da Turancin 'yan jirgi. Ba yarona za ka zama ba. Na faɗa da bakina, kuma ka san ba ni da saurin faɗin haka. In kuwa zuciyarka ba ta ba ka komowa yanzu ba, ka gangara London inda ake neman hannu. A Ingila dai kana da takarda, kana da sunan da aka raɗa maka.

In duk ka ƙi, ka ce sai Amurka, ba ni da igiyar da za ta kai Libaful. Abu guda nake roƙo, ni da ban saba roƙo ba. Kafin ka hau jirgi ka nemi mutum ɗaya Musulmi da za ku sauka tare, ka koya masa sunanka na gaskiya, da sunan ubanka, da Argungu, har ya iya faɗinsu ba tuntuɓe. Ka ɗauki alkawarinsa cewa in ta Allah ta kasance shi zai wanke ka, ya rubuto mana. Ka aiko mini da sunansa. Kai yanzu talatin da 'yan kai kake, kafin ka cika saba'in ni na daɗe a ƙasa, 'ya'yana ne za su gaji jiranka, su da ba su taɓa ganin fuskarka ba. Na ɗauki wanga kaya tun ina yaro, na san nauyinsa, ba zan bar musu shi ba.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Kawu Malam Dikko yana sa maka albarka. Aminatu da maigidanta da jaririya suna gaisuwa, haka iyalina Nana da Asiya da yara duka. Zakka ya ce a gaya maka duk ranar da jakar waya ta iso shi ke fara duba hatimin Ingila. Ka gaishe da mutanen ƙasarmu da ke tare da kai. Alƙali zai tambayi 'ya'yan Hodi nawa ne, kuma ina suke. Kafin layya ka ba ni amsar da zan faɗa masa.

Wassalam. Ni ne wanka,
Abdussamadu Hodi Argungu.