Alluran da Inna Mai Lambu Ta Bari a Yadi

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, shugabanni da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Masu Ɗinkin Hannu da Surfani suka samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, tsohuwar Shugabar Kwamitin Koyarwa, malamar da yawancinmu muka koyi riƙon allura a gabanta, Hajiyarmu da kowa ya fi sani da Inna Mai Lambu, wadda Allah ya yi wa cikawa a ɗakinta bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. A madadin Mai Girma Shugabar Ƙungiya, da Kwamitin Amintattu, da dattawan sana'a, muna miƙa ta'aziyya ga babbar 'yarta, da autanta, da jikokinta, da ƙanwarta da suka tsufa tare a gida ɗaya, da surukai da maƙwabta baki ɗaya.

Marigayiya ta shigo ƙungiyar nan tun muna ɗinki a rumfa kan benci, lokacin da aikinmu bai wuce wuyan riga da rigar matashin kai ba, kuma zanen da wannan ta yi shi waccan za ta kwafa. Ita ta fara kawo mana ganye da tudu da bakin rafi a kan yadi. Ƙa'idarta ita ce ba ta ɗinka abin da ba ta gani da idonta ba. Da hantsi za ka same ta a tsakar gida, tabarau a kan hanci, ta ɗora zare a jikin ganye tana gwadawa, domin a wurinta babu koren kanti da ya yi kama da na shuka. Sai ta zare sili ɗaya daga wannan, ɗaya daga wancan, wani lokaci har da ruwan toka ko rawaya, ta murɗe su a allura guda. Ɗalibar da ta kawo mata ganyen da aka ɗinka da kore ɗaya tal ta san abin da za ta ji: "Ke 'yar nan, wannan ai koren bokiti ne, wa ya taɓa ganinsa a bishiya?" Daga nan sai warwara. Amma waɗanda suka zauna a gabanta sun shaida cewa rabin warwarar ita take yi da hannunta, kuma ba ta taɓa barin ɗaliba ta tafi gida da hawaye ba. Mata da yawa a yau suna riƙe da gidajensu da abin da suka koya a ɗakinta.

Akwai wani abu a yadda take aiki da ya wajaba mu yi bayaninsa, domin da shi ne jama'a za su fahimci abin da ya biyo baya. Marigayiya ba ta zana hoto a kan yadi da fensir, ba ta kuma rubuta yadda ta haɗa launi. Duk launin da ta haɗa, allurarsa daban, kuma idan ta tashi daga aiki sai ta soke allurar, da zarenta, a daidai inda launin zai ci gaba. Saboda haka yadinta kullum kamar bayan bushiya yake. Duk wanda ya shiga ɗakin takan ce masa ya zauna inda ya ga dama, ko a kan gadonta ne, amma ya bar mata alluranta.

Aikinta na ƙarshe shi ne lambun da marigayi maigidanta ya shuka a bayan tsohon gidansu, wanda yanzu shaguna ne a wurin. Ta fara shi ne domin autanta, wanda yana ƙarami ƙwarai lokacin da aka sare itatuwan, har yakan ce shi labarin lambun kawai ya sani. Ta gama layin kayan lambu, da shingen, da hanyar ruwa, da sararin sama. Abin da ya rage shi ne kusurwar rijiya da inuwar bishiyar lemo, inda mahaifinsu yake zama. Da hannunta ya fara rawa, ta kira manyan ɗalibanta a gaban Shugabar Ƙungiya, ta ce idan ta riga aikin tafiya su bi alluran su ƙarasa, kowace allura za ta nuna musu inda za su dosa. Ƙungiya ta ɗauki wannan alkawari.

Ranar rasuwa, da aka shiga gyara ɗaki saboda masu zuwa gaisuwa, ƙanwar marigayiya ta ga yara suna shige da fice kusa da yadi mai cike da allurai. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta zare zarensu, ta zuba su a gwangwani, ta naɗe zaren wuri ɗaya, sannan ta goge yadin ta ninke shi da kyau. Kafin wakilanmu su iso an gama. Mai wannan rubutu ya yi ta tambayar kansa ko saƙo ɗaya daga ofishinmu da safiyar ranar da ya isa ya hana haka, kuma bai samu amsar da ta kwantar masa da hankali ba.

Manyan ɗalibanta sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun ɗaga yadin a hasken taga suna neman hudar allurai, amma guga ta rufe su. Sun gwada haɗa launin a kan ƙyalle, suka kai wa babbar 'yar marigayiya, ta duba ta daɗe, ta ce ba haka inuwar take ba, amma yadda take ɗin ita ma ba za ta iya faɗa ba. Bayan zama da shawara, Kwamitin Amintattu ya yanke cewa ba za a ɗora wa aikin marigayiya abin da ba ta gani ba kuma mu ma ba mu gani ba. Don haka muna sanar da iyalanta, musamman autanta, cikin nadama, cewa ƙungiya ba za ta iya cika alkawarin da ta ɗauka ba. Kusurwar nan za ta zauna fara. Muna neman afuwarsu.

Ya zo kunnenmu cewa ana ƙananan maganganu a kan ƙanwar marigayiya, har ta daina fitowa gaishe da baƙi, tana cewa ita ta sare lambun a karo na biyu. Ƙungiya tana roƙon mambobinta da sauran jama'a, da babbar murya, su bar wannan magana. Baiwar Allahn nan surfani ba sana'arta ba ce, jikoki ta tsare, kuma ita ce ta yi jinyar yayarta har ƙarshe. Da amincewar 'ya'yan marigayiya, Shugabar Ƙungiya ta kai mata yadin da kanta, ta roƙe ta ta kalmashe bakinsa kafin a sa shi a gilashi, tunda wannan ɗinki ne da ta iya tun tana budurwa. Ta shafa wurin da ba a ɗinka ba, sannan ta ce a kawo mata farin zare.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Inna Mai Lambu, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta da ƙanwarta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya haɗa kansu, ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Sa hannu:
Malam Sakatare,
Magatakarda kuma Mai Magana da Yawun
Ƙungiyar Masu Ɗinkin Hannu da Surfani