Zakaran da Ƙanƙararka Ta Ci

Zuwa ga ƙanena Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Rasha? Yaya karatu, yaya abokan zama? Mu nan Gaya kowa lafiya lau.

Wasiƙarka ta iso, wadda ka ce dusar ƙanƙara ta binne hanya har jirgin ƙasa ya tsaya da ku a daji, kuna shan shayi kuna jira. Ina karanta wa Inna ta fashe da kuka. Washegari ta sa aka yanka jan zakarana, aka yi maka sadaka. Da na yi magana ta ce, "Ɗana na cikin ƙanƙara, kai kana zancen kaza?"

To ni fa? Ranar da sojoji suka rufe gada ina kasuwar kifi da kifina, na kwana a tasha sauro na cina, har kifin ya ruɓe. Da na dawo, Inna cewa ta yi, "Ina albasata?"

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. In ƙanƙara ta sake tare ka, don Allah ka yi shiru. Kaza ɗaya ta rage mini.

Yayanka,
Hamidu