Burtalin da ke Gefen Gonarmu

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Mainasara, mai unguwa a Kazage. Ƙafafuna sun daina ɗaukata, amma hankalina ras yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni magana.

Na ɗaya. Gida da gonaki, a kira malamai su raba yadda Allah ya ce. Keken ɗinki na 'yata Ruƙayyatu ne, tun ina da lafiya na ba ta.

Na biyu. Halima, ke da ƙanwarki Jamilatu ku daina gabar nan. Kun girma, abin ya ishe ni.

Na uku. Abdulkahar, kai ne babba, kuma dattawa sun ce kai za su ɗora a kan unguwa bayana. Na yi murna, na kuma ji tsoro.

Ka san yadda nake yi in shanu sun shiga gonar wani. Da ƙafata nake zuwa in ga ɓarnar, kuma ranar ko ruwa ba na sha a gidan mai gona ko a rugar mai shanu. Shi ya sa Ardo Bappa yake karɓar hukuncina ko a kansa ya faɗa, maƙwabcinmu Manasseh ma haka.

To, bara ina kwance ka sa garma a burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, ka shuka masara. Ka ɗauka ban sani ba? Haba Abdulkahar! Tun da daji ya ɓaci, hanyar nan kaɗai ta rage musu. In ta toshe, gonar Manasseh za su faɗa, kuma kai za a kira ka raba gardama. Wa zai saurare ka?

Na huɗu. Kafin ruwan farko ka mayar da iyaka inda take. Da rana tsaka, da hannunka. Kada ka aiki ƙaninka Tasi'u.

Ardo ya zo gaishe ni, kunya ta hana shi ɗauko maganar. Ni na ɗauko, na ce masa ɗana zai buɗe hanyar. Ban tambaye ka ba kafin in faɗa.

Allah ya yi muku albarka ku duka. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse. Abdulkahar, Ardo bai taɓa jin ƙarya a bakina ba. Kada ka sa ya fara ji bayan an binne ni.