Jakar Ajiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Tunda aka katse layin waya, direban da ke bi ta wajenku zan riƙa ba wa takarda.

Muna raye, Yaya. Inda bam ɗin ya tashi a tashar mota bai fi taku ashirin daga shagon maigidana ba. Gilashin da yake jera agogunan gyara ya tarwatse, kunnensa na hagu ya daina ji, amma ko ƙashi bai karye ba. Mutum tara suka rasu. Har da Baba Mai Littafi, amininsa, wanda yake aiko mini da aron littattafan soyayya duk Asabar. Na ƙarshen yana ƙarƙashin filona, na tsaya a shafi na sittin.

Yau kwana goma sha biyu maigidana bai taka ƙofar gida ba. Ya cire batirin agogon bangonmu. Mutumin da in agogo ya yi lattin minti ɗaya sai ya hau kujera ya gyara. In na kai abinci sai ya juya mini kunnen da ba ya ji.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yanzu ajiye littafi ki saurare ni.

Shekarata goma sha biyar ina aikin jinya, na san waɗanda ake kawo mana in irin wannan ta faru: mai shago a tasha, mai rumfa a bakin kasuwa, duk wanda abincinsa ke cikin cunkoso. Wanda ya kai hari sau ɗaya ya riga ya san hanya. Ga ki da cikin wata biyar. Asabar ta sama zan zo da jaka babu komai a ciki, in kwashe kayanki. In mijinki zai biyo mu, akwai ɗaki. In ba zai biyo ba, ke dai za ki taho. Wannan ba irin labaranki ba ne da jarumi ke miƙewa a shafin ƙarshe.

Ki gaishe shi da jiki. Yayarki.

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, na yi kuka a na farko kawai.

Ranar Talata da hantsi ina shara, sai na ji ya ce, “Ni na karɓi jakar.”

Kin san yadda ake yi a tasha. Matafiyi ya ce ajiye mini wannan in je in dawo, ka karɓa, ba ka buɗewa, don buɗe kayan mutum cin fuska ne. Shagonsa matsattse ne, shi ya sa in jaka ta yi girma yakan kai ta ƙarƙashin teburin Baba, a bakin rumfar jira. Shekara takwas haka suke yi. Ranar ma haka ya yi, ashe bam ɗin a cikin jakar yake.

Na ajiye tsintsiya na ce ya sa riga. Ya ce, “Auta, za su ce da ni aka haɗa baki.” Na ce to su faɗa ina tsaye. Mun wuni a ofishin 'yan sanda har la'asar. Fuskar mai jakar bai riƙe ba, amma ya kwatanta musu agogon hannunsa kaf, har da mariƙin da aka ɗaure da waya da tsagin da ke kan gilashin. Sun rubuta komai, suka ce ya je gida.

Daga nan na ja shi gidan Baba. Ya durƙusa gaban matar Baba ya faɗa mata. Ta ce, “Ɗana, shi sau nawa ya turo maka jakar wani? Tashi. Ba kai ka zuba abin a ciki ba.” Na miƙa mata littafin, ta mayar mini, wai Baba ba ya karɓar aron da ba a gama karantawa ba.

Jiya ya buɗe shago. Ni na rubuta allon da ya kafa a ƙofa: ANA KARƁAR AJIYA, AMMA SAI AN BUƊE A GABAN MAI ITA. Direbobi suna ta tsokanarsa wai Mai Agogo ya zama ɗan kwastan. Zuwa yamma masu shago huɗu sun aiko in rubuta musu irinsa.

Gaskiya kika faɗa, Yaya, tsoro bai bar ni ba. In ya fita, kunnena yana waje har ya dawo. Amma ba zan taho ba. Ki zo dai, ina kewarki.

Taki har kullum, Auta.

*

Auta,

Salam. Na iso gida lafiya. Ki gaya wa mijinki ban huce ba. Ni yayar matarsa, a gaban jama'a ya ce in zuge zif, jakar da babu komai ya leƙa har aljihun gefe.

Na bar ta ajiya a wajensa. Ra'ayina game da tashar nan bai canza ba, saboda haka kada ta yi nisa da ke. Kafin nan ki zuba kayan jariri a ciki.

Agogon bangonku yana lattin minti biyu. Ki faɗa masa ta kunnen dama.

Allah ya tsare ku. Yayarki.