Likkafanin Iya Kellumi

Wuro Hausa, Yola

Yaya Deribe,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da kasuwa. Naziha ce, 'yar gidan da mahaifiyarka Iya Kellumi ke zaune tun gudun hijira daga Bama. Ita ta sa ni rubutu, ka san ba ta yarda da maganar waya ba.

Farin yadin da ka aiko na likkafaninta ya iso. Ta gode, amma ba ta so. Ta ƙyasta ashana a bakinsa, ya narke ya dunƙule kamar leda. Ta ce da ambaliya ta buɗe wasu kaburbura bara, masu su sun koma ƙasa, yadin kuwa yana nan ƙalau. Ita ba za ta kai wa ƙasa abin da ba ta iya ci ba.

Yanzu kullum tana kan tabarma da mazari, tana kaɗa audugar da ta shuka a bayan gida, Malam Haladu masaƙin unguwar Alkalawa zai saƙa mata. Saboda tsufa, aikin ba ya sauri. Ni da na ce zan taya ta, zarena sai ka ce igiyar guga, har ta yi hawaye don dariya.

Ka huta lafiya.
Naziha

Kano

Naziha,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Iya da mutanen gida. Gaskiya raina ya sosu. Ina sayar da yadi, a ce uwata ta tafi cikin saƙi mai kaushi? Amma na gwada ashanar a shago, na ga abin da ta gani. Na zaga neman zallar auduga, kowanne da haɗi. Ku lallaɓa ta ta daina wahalar da hannunta, ina tafe bayan Salla da wanda ya dace.

Yayanki,
Deribe

Wuro Hausa, Yola

Yaya Deribe,

Salam. Rasuwar Iya ka ji ta waya, sauran ne bakina ya kasa faɗa. Saƙar Malam Haladu ta gaza da ƙyalle guda. Muna shirin cikawa da yadinka, sai Adda Azumi mai wanka ta kwance ƙullin da ke ƙarƙashin matashin Iya. Tsohon farin majanyi ne, zaren hannunta, wanda ta goya ka da shi. Shi kaɗai ta ɗauro a ƙugu ranar da ta baro Bama.

Da shi muka naɗe mata ƙirji.

Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri.
Naziha